Sarauniya Mangu ta samu fuskar aro, kakannin Gure ko ta aron ba su samu ba

Duk ranar 13 ga watan Mayu, ranar matan Nijar, sai hoton nan ya dawo. Budurwa ce doguwa, fara sol, da gashin ido kamar na amaryar fim, sanye da sulken ƙarfe mai ƙyalli, kwari da baka a kafaɗa, wuta na ci a bayanta. A ƙasa an rubuta Sarauniya Mangu. Daga Yamai zuwa Damagaram, daga Sabha zuwa Tamanrasset har Faransa, matasa na ɗora shi a WhatsApp da Facebook, kowa na jinjina wa jarumar da ta tari Turawa. Da yawa daga masu yaɗa shi sun san na'ura ce ta ƙaga shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Sun sani, amma bai dame su ba, tunda a ganinsu da babu gara ba daɗi.

Ya kamata ya dame su. Sarauniyar da ta gwabza da rundunar Voulet da Chanoine a Lugu ranar 16 ga Afrilun 1899, ba wanda ya ɗauki hotonta, ba wanda ya zaunar da ita ya zana ta. Rahotannin sojan Faransa a gurguje suka ambace ta. Sarauniyar da 'yan makaranta suka sani a yau daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ta fito, fuskar da ta zauna a idon jama'a kuwa ta Aï Keïta ce, 'yar wasan Burkina Faso da ta fito a matsayinta a fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Mamani da Hondo sun cancanci godiya, don ba domin su ba da sunan bai wuce ƙasar Dogon Dutsi ba. Sai dai dukansu maza ne, kuma abin da suke nema a lokacin tuta ce da za a ɗaga wa mulkin mallaka. Na'ura ta zo ta ɗora a kan nasu, ta ƙara hasken fata, ta rage shekaru. Sarautar kuwa tana nan a Lugu har gobe, mai riƙe da ita tana zaune a ɗakinta na ƙauye, ba sulke ba doki. Haka ma Amina ta Zazzau: kowace fuska aka manna mata ta zato ce, daga ta littattafan firamare har ta fim ɗin Izu Ojukwu na 2021.

Waɗannan biyu ma sun yi sa'a, an ara musu. A dubi Gure.

Garin yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram in an nufi Diffa. Shi ne tsohon babban birnin Muniyo, ƙasar Mangawa da ta daɗe tana bin Barno, inda Hausawa da Tubawa da Fulani da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya. Baturen Ingila James Richardson ya ratsa ta nan a farkon 1851. Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a watan Disambar 1852, ya gana da Muniyoma Koso, ya rubuta labarin garin da dawakin sarkin da harajinsa. Ɗalibin da ya riƙe karatunsa na tarihi zai iya kawo sunan Koso. A tambaye shi sunan uwar Koso, ko na mace ɗaya tak da ta rayu a Gure a wannan zamanin, sai ya sunkuyar da kai. Alhali ƙasar da ta gaji Barno ƙasa ce da mata ke riƙe da sarauta, akwai Magira, akwai Magaram. Ita kanta Aisa Kili, wadda ake cewa ta riƙe gadon Barno kafin Mai Idris Alauma a ƙarni na 16, rubutattun tarihin fada na Larabci sun tsallake mulkinta, bakin mutane ne ya riƙe ta. In haka ta faru da mai gadon sarauta, ina ga mai saƙar tabarmar kaba, da mai kwasar kanwa a kwari, da mai tallan nono da ke takowa daga ruga tun asuba?

Da na'urar ɗaukar hoto ta iso, a hannun baƙo ta iso. Katunan gaisuwa na zamanin mulkin mallaka, irin waɗanda Edmond Fortier ya buga da dubbai a Dakar a farkon ƙarni na 20, cike suke da mata, wasu an tuɓe musu zanen ƙirji don a sayar wa sojojin da ke aikawa gida. Abin da ake rubutawa a ƙasan irin waɗannan hotuna ƙabila ce, ba suna ba: mace Bahaushiya, mace Bafulatana. Bayan shekara ɗari salon bai canja sosai ba. A yunwar 2005, da duniya ta waiwayo jihohin Maradi da Damagaram, fuskar da ta zagaye jaridun Turai ita ce ta uwa riƙe da ramammen yaro a layin asibiti. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance. Adadin ya shiga tarihi. Matan 33 kowace tana da suna, da kitson da take so, da dalilin da ya fitar da ita daga gida, amma lissafi kawai aka riƙe.

Wani zai ce to ai maganin a bayyane yake, a ba mata alƙalami da na'ura su zana 'yan uwansu. Maganar ta ɗan fi haka wuya, kuma wani zane da ke rataye a gidan tarihi na Louvre a Paris ya isa shaida.

A 1800 wata Bafaranshiya mai suna Marie-Guillemine Benoist, ɗalibar Élisabeth Vigée Le Brun da Jacques-Louis David, ta zana wata baƙar mace a zaune kan kujera, da farin ɗankwali, tana kallon mai kallonta ido cikin ido. An yi zanen ne a ɗan tsakanin nan da Faransa ta soke bauta a 1794 da lokacin da Napoleon ya maido da ita a 1802. Matasa da dama sun taɓa ganin sa ba tare da sun sani ba, don ya fito a bidiyon waƙar da Beyoncé da Jay-Z suka ɗauka a Louvre a 2018. Aiki ne na gwanar gaske, mutuncin matar yana nan a idonta. Amma Benoist ta sa hannu da sunanta, ta bar na wadda ta zana. Ta kuma buɗe mata nono ɗaya, abin da ba za ta yi wa matar wani mai kuɗi da ta biya a zana ta ba. Malamarta Vigée Le Brun ta zana Sarauniya Marie-Antoinette sau da dama, kowane zane da sunan mai shi. Wannan kuwa aka kira ta baƙar mace kawai, haka ta zauna har 2019, lokacin da aka baje zanen a gidan tarihi na Orsay da sunan da masu bincike suka tono: Madeleine, 'yar tsibirin Guadeloupe, mai aikatau a gidan surukan mai zanen. Shekara 219 kafin a kira ta da sunanta, kuma mace ce ta zana ta. Ke nan zama mace kaɗai bai isa ba, in mai zanen uwar ɗaki ce, wadda ake zanawa kuma baiwa ko 'yar aiki.

Misalin da ya fi wannan yana nan kusa, a Sakkwato, kuma da tawada aka yi shi, ba da fenti ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. An fi tuna ta da 'Yan Taru, tsarin da jajojinta ke ɗaura malfa su bi ƙauyuka suna karantar da mata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne marsiyyoyin da ta yi wa mata. Ta yi wa ƙawarta Aisha, matar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajojinta. Ta yi wa Zaharatu, wadda aikinta shi ne karɓar haihuwa da wankan gawa da koya wa marasa karatu addini. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta da sarauta ba ta da dukiya. 'Yar Shehu ce, matar Waziri Giɗaɗo, tana iya taƙaita alƙalaminta ga manya, amma ta zauna ta siffanta ungozoma da sunanta da halinta da aikin hannunta. Yau shekara sama da 160 ke nan, kuma an san Zaharatu fiye da yadda aka san matan sarakuna da yawa na zamaninta. Jean Boyd da Beverly Mack, su ma mata, su suka tattara waɗannan rubuce-rubuce suka buga a 1997.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan aiki ke faɗawa hannun mata, kuma kowa ya san shi: ba shiga. M. G. Smith da ya yi bincike a ƙasar Zazzau, zaure ne iyakarsa. Matarsa Mary Smith ita ta shiga cikin gida, ta zauna da wata tsohuwa daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Daga nan aka samu littafin Baba ta Karo a 1954, da labarin aure da kishi da ƙawance da harin bayi da zuwan Turawa kamar yadda mace ta gan su daga tsakar gida. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. A Gure ma haka gidajen suke. Mai hoto namiji zai ɗauki hawan salla da taron siyasa da zaman fada. Ɗakin da tsohuwa ke cire lulluɓi ta miƙe ƙafa ta yi hira, sai mace.

Nijar ba ta rasa waɗanda suka gwada ba, sai dai da sinima suka yi. Mariama Hima ta buɗe hanya tun shekarun 1980. Rahmatou Keïta ta ɗauki na'ura ta bi Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a fim ɗin Moustapha Alassane a 1966, ta kuma yi aiki da Oumarou Ganda, har mutane suka riƙa zaginta a titi saboda matsayin muguwar mace da take fitowa a ciki. Fim ɗin, Al'lèèssi, an nuna shi a Cannes a 2005. Bai yi wa Zalika kwalliya ba: ya nuna tauraruwar cikin talauci a Yamai, ya kuma faɗi cewa daga baya ta tafi ƙetare aikatau. Ta rasu a 2021, amma wanda ya kalli fim ɗin ya san muryarta da dariyarta da fushinta. Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta juya na'urar ga kanta da matan da ba su samu haihuwa ba a fim ɗinta na 2016, ta sa suka faɗi abin da ake faɗa a ɗaki da raɗa. Ousseina Alidou kuma, a littafinta na 2005, ta siffanta Malama A'ishatu Dancandu mai wa'azi a rediyo da talabijin, da Habsu Garba mai waƙa da wasan kwaikwayo. Duk waɗannan ayyuka suna da abu guda: an zauna da mai fuskar, an ji ta bakinta, an rubuta sunanta.

Suka biyu ake yi wa wannan kira, kuma ba na wasa ba ne.

Na farko na addini ne. Hadisan da suka yi gargaɗi kan zana abu mai rai suna cikin Buhari da Muslim, ba mai musun su. Malamai sun yi saɓani kan ko hukuncin ya hau kan hoton na'ura, wasu sun hana sai da larura, wasu sun halatta. Jarida ba wurin fatawa ba ce. Amma ana iya lura da abin da ido ke gani: shagunan da ke kan hanyar Gure zuwa Damagaram cike suke da hotunan shehunai da 'yan kokawa, a lokutan zaɓe kuma mata kan ɗaura atamfa mai fuskar ɗan takara. Sai an zo kan fuskar tsohuwar da ta raini gida ake tuno da haramci. Wadda kuma ta ƙi hoto don tsoron Allah, haƙƙinta ne, ba a matsa mata. Hanyar Nana Asma'u a buɗe take: a ɗauki muryarta, a rubuta siffarta.

Na biyu ya fi ƙarfi, shi ne tsoron inda hoton zai ƙare. Mata sun ga yadda hoton biki ke tsallakawa daga wayar ƙawa zuwa dandalin da ba su san da shi ba, sun ga auren da ya mutu a kan hoto, sun ga 'yan damfara na buɗe shafi da fuskar wata. Mijin da ya ce ba a ɗauki matarsa ba, wani lokaci kishi ne, wani lokaci kuma ya ga abin da ya faru da maƙwabta. Wannan tsoron shi ya sa bai kamata aikin ya zama na neman mabiya a TikTok ba. Hoton kaka na gida ne tukuna. Ita za ta zaɓi zanen da za ta ɗaura, ita za ta ce ko da mayafi ko babu, ita za ta faɗi wanda zai gani. In ta ce kada ya hau intanet, magana ta ƙare.

To wa zai yi? Al'ada ta riga ta ba da amsa tun kafin a ƙera salula. 'Ya ba ta iya zama gaban uwarta ta tambaye ta aurenta na fari, ko dalilin fitarta daga gidan wane, kunya ba za ta bari ba. Ko sunan uwar ba ta kamawa. Jika kuwa abokiyar wasa ce, ita ce ke kiran kakarta kishiya, ta tsokane ta a kan tsohon mijinta, ta tambayi abin da ba mai iya tambaya, a yi dariya a ba ta amsa. Kuma akwai abin da ya sa tambayar ta zama ta gaggawa. Alkunyar da ke kare mutuncin tsofaffi ita ce kuma ke haɗiye sunayensu. Mace takan shekara hamsin ana kiranta Iya ko Inna ko Hajiya, takwarorinta a gidan an laƙaba musu Ummi da Mama da Nana don kada a kama sunan. Ranar da ta rasu, jikoki da yawa sai a wajen sanarwa suke fara jin sunanta na yanka. Sunan uwarta da garin da aka auro ta kuwa sun bi ta kabari. Madeleine Turawa ne suka ɓoye sunanta, a nan gida kuwa ladabi ne ke yin wannan aikin ba da niyya ba.

Fuskar ma kanta tana ɗauke da abin da ba zai dawo ba. Tsofaffin Gure na yanzu su ne kusan na ƙarshe masu cikakken tsagen gado a kumatu, wanda ake duba a gane Bamange da Badagire da Babarbare tun kafin mutum ya buɗe baki. An daina yi wa jarirai, kuma daidai ne da aka daina, amma rubutu ne da ke shafewa ba a kwafe shi ba. Haka kitson da, da irin ɗaurin zane, da azurfar wuya da ake sayarwa in fari ya yi tsanani. Waɗannan matan sun ga yunwar 1973 da ta 1984 da idonsu, sun ga rairayi na cinye kwaruruka, sun ga 'ya'yansu na hawa mota zuwa Libiya. Da yawansu hoto ɗaya gare su a duniya, na katin ɗan ƙasa ko na fasfon Makka, fuska a ɗaure, hatimi ya danne rabin kunci.

Hukumomi na da nasu rabon. Jami'ar André Salifou tana Damagaram, tana ɗauke da sunan mutumin da ya rubuta tarihin sarautar Damagaram ta ƙarni na 19. Ba abin da zai hana malamanta tura ɗalibai mata 'yan Gure da Kelle da Gidimuni gida a lokacin hutu, kowace ta dawo da hira da hoton tsohuwa guda, da izininta, a matsayin aikin da za a ba maki. Cibiyar IRSH da ta CELHTO a Yamai sun daɗe suna adana tarihin baka, gidan tarihi na Boubou Hama na da bango. Gidajen rediyon al'umma na da na'urar naɗar murya. Amma wanda ya zauna jiran kasafin kuɗin al'adu a wannan yanayi da tsaro ke cinye komai, zai daɗe yana jira, tsofaffin kuma ba su da wannan lokacin. Matan da suka yi tattaki a Yamai ranar 13 ga Mayun 1991, don an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ba su jira an gayyace su ba.

Ajiya ita ce wurin da ake yawan faɗuwa. Waya na faɗawa rijiya, ana sace ta a tasha, katin ajiya na mutuwa ba sallama. Tsofaffin hotunan da aka ɗauka a shagon mai hoto a shekarun 1970 da 1980 suna cikin akwatin ƙarfe ko ƙasan kwalla, gara da danshi na cin su. A farkon Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Ginin da ya ga Turawa sun zo sun tafi bai tsira daga damina ɗaya ba, balle takarda a ɗakin ƙasa.

A nan ne 'yan ci-rani ke da abin yi. Wanda ke Sabha ko Legas ko Lyon, da ke aiko da kuɗin magani da na ragon layya, zai iya ƙara ɗan abin da ƙanwarsa za ta kai wa mai wankin hoto. A wanke biyu. A bayan kowanne a rubuta da biro, da boko ko da ajami: sunanta na yanka, sunan uwarta, garin da aka haife ta, sana'arta, shekarar da aka ɗauka, da sunan yarinyar da ta ɗauka. Tsofaffin da ke akwati a fito da su a ɗauke su da waya, a kai wa tsohuwar ta faɗi ko su wane ne a ciki tun idonta na gani. Ɗaya ya zauna a Gure cikin leda, nesa da bango. Ɗayan a ba direban da ke zuwa Agadas ya miƙa wa mai tafiya arewa.